Yaro ya makara da magana: kada a ɗora wa Hausa laifi



A gidajen mutanenmu da ke Misfala, Jarwal da Shari'a Mansur akwai maganar da muke yawan ji. Yaro ya kai shekara uku ba ya hira, a kira sunansa ba ya waiwayowa, sai a ce harshe biyu ne ya rikita shi, Hausa a ɗaki, Larabci a waje. Daga nan sai shawara ta biyo baya: a daina yi masa Hausa. Muna roƙon a dakata da wannan shawara tukuna.

Yaro yana koyon hira tun bai san kalma ko ɗaya ba. Uwa ta yi masa wasa, ya yi murmushi, ta yi shiru, ya fitar da ɗan sauti, ta amsa. Wannan karɓa-karɓa ita ce za ta zama "ina kwana" da "lafiya lau" wata rana. Wajen wata shida yake fara gwaranci. Tsakanin wata tara da shekara guda sai ya zo da abin da masana suka fi lura da shi: ya ga tantabarun Harami sun tashi, ya nuna su da yatsa, ya juyo ya dubi fuskar uwarsa, ita kuma ta ce "tantabara!" Hankalin mutum biyu ya haɗu a kan abu guda, sannan sunansa ya zo. Ta haka kalma ke kama abin da take nufi. Kalmar farko takan fito wajen shekara guda, haɗa kalma biyu kuma wajen shekara biyu.

Yaron da ke da abin da likitocin nan ke kira tawahhud, Turawa su ce otizim, a rediyo kuma mu ji an ce galahanga, a wannan gaɓar yake bambanta. Kunnensa na ji, amma sau da yawa ba ya nuni, ba ya bin yatsan uwarsa da ido, saboda haka sunayen abubuwa suna wuce shi. Da yawansu sai su bi wata hanyar, su ɗauki magana dunƙule kamar yadda suka ji ta. Za ka ga yaro yana kwaikwayon karatun Shaihu Sudais har da muryar, ko ya kawo kiran salla daga farko har ƙarshe, amma ƙishirwa ta kama shi ya kasa cewa "ba ni ruwa". Wani kuma sai ya ce "kana son ruwa?", domin haka uwarsa ke faɗa duk lokacin da ruwa zai zo. Wannan ba shirme ba ne, roƙo ne, a ba shi ruwan a ce masa "ina son ruwa". Likita Leo Kanner ya rubuta irin wannan maimaici da juya "ni" da "kai" tun 1943, a bayaninsa kan yara 11 a Amurka.

To ina harshe biyu ya shigo? A 2012 masu bincike biyu a Kanada, Hambly da Fombonne, sun gwada yara masu tawahhud da ke jin harshe ɗaya da masu jin biyu, ba su sami ƙarin jinkiri ga masu biyun ba. Mu ma shaida ne. Tun kafin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta 1903 Hausawa ke zaune a Makka, 'ya'yansu na tashi da Hausa da Larabci, har ga su nan ana kiransu Hausawi.

Abin da ake asara in an hana Hausa kuwa babba ne. A yawancin gidajenmu kaka ce ke yini da yaro, Larabcinta na cefane ne kawai. In aka ce kada ta yi masa Hausa, an rufe bakin wadda ta fi kowa lokaci da haƙurin zama da shi, sai a miƙa masa waya. Waya kuwa ba ta jiran amsar kowa.

Iya, ki zauna daidai tsayinsa. In murfin tukunya yake juyawa, ki yi maganar murfin, da kalma ɗaya ko biyu. Ki faɗa, sannan ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. Mu manya garaje ne da mu, mukan amsa wa yaro tambayar da muka yi masa. Dabino ma a ba shi ɗaya-ɗaya, don ya sami dalilin neman ƙari, ko da ido ne ko da hannu.

Ruƙiyya da addu'a ba sa hana zuwa asibiti. A fara da gwajin ji, domin kurumta ma tana jinkirta magana. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar a duba alamun tawahhud a wata 18 da wata 24, saboda haka "bari ya ƙara girma" ba dabara ba ce. A Jidda akwai cibiyar tawahhud tun 1993, a nan Makka kuma likitan yara zai iya tura ku wurin mai koyar da furuci. Wasu yaran za su yi magana sosai, wasu kaɗan, wasu kuma da hotuna za su riƙa faɗin buƙatarsu: a manna hoton kofi, na shinkafa da na banɗaki a bango, daidai inda hannun yaron zai kai.