Ƙafa Shida da Darasin Murhu

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa sabuwar manhajar sakandare za ta ƙunshi ƙera mutum-mutumi, zance ɗaya nake ta ji a bakin iyaye da malamai: wai wannan harkar masu kuɗi ce, sai an zuba wa na'ura ƙwaƙwalwa mai tsada kafin ta ɗaga ƙafa. Zancen nan yana damuna, domin ƙananan na'urori masu tafiya da ƙafa shida sun daɗe da ƙaryata shi.

Me ya sa shida? A dubi murhu. Tukunya a kan duwatsu uku ba ta girgiɗi, ko da ƙasar gidan ba ta daidaita ba. Teburi mai ƙafa huɗu kuwa, sau nawa muke cusa masa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya? Kyankyaso da tururuwa murhu biyu suke ɗauke da su. Ƙafar gaba da ta baya na dama su haɗu da ta tsakiya a hagu, murhu ɗaya ke nan; sauran ukun su ne na biyu. Yayin da ɗaya ke ƙasa yana riƙe da nauyin jiki, ɗayan na sama yana miƙawa gaba, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. Muddin nauyin na'urar ya faɗa tsakanin ƙafafun nan uku, ko wuta ta ɗauke tana cikin tafiya ba za ta kife ba. Mai ƙafa biyu dole ya yi ta lissafi kowane lokaci don kada ya faɗi. Mai ƙafa shida ƙirar jikinsa ta riga ta ɗauke masa wannan wahala.

A 1989 Rodney Brooks da ɗalibansa a jami'ar MIT ta Amurka suka ƙera Genghis, mutum-mutumi mai ƙafa shida da injuna goma sha biyu, biyu a kowace ƙafa. Ba su ba shi taswirar ɗaki ba. 'Yan ƙa'idoji masu sauƙi aka ba ƙafafun: wadda ke sama ta miƙa gaba ta sauka, wadda ta ci karo da abu ta ƙara ɗagawa. Da haka ya riƙa haye abin da aka gitta masa. A 2009 kuma masu bincike a jami'ar Berkeley suka fito da wani mai ƙafa shidan, DASH, wanda aka naɗe daga kwali da leda, nauyinsa giram 16, injin tafiyarsa guda ɗaya, yana kuma gudun mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Kwali fa!

Ba ina cewa babu wuya ba. Wanda ya ba kowace ƙafa gaɓa uku zai buƙaci ƙananan injuna goma sha takwas, kuma a nan sababbin shiga ke tuntuɓe. Sukan jona su duka a jikin allon Arduino mai sarrafa na'urar, na'urar ta yi ta karkarwa tana mutuwa tana farfaɗowa, su ɗora laifin a kan lissafin kwamfuta. Alhali yunwar wuta ce: injunan na son batirinsu daban mai ƙarfi. Duk mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai gano wannan kafin ya gama shan shayi.

Abin da nake tsoro shi ne hukumomi su sayo na'urori haɗaɗɗu daga waje, a ɗauki hoto ranar rabo, a kulle su a ofishin shugaban makaranta kada yara su lalata. Da za a ba kowane aji kwali, waya, batir da 'yan injuna, a kuma gayyato mai gyaran rediyon nan ya zauna da malami sau ɗaya a mako, da yaran sun karya ƙafa goma kafin ƙarshen zango, sun kuma gyara goman da hannunsu.