Autan Shehu da Uban da Bai Taɓa Gani Ba

A watan Afrilun 1817 Allah ya karɓi ran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato, yana da shekara 62 a duniya. Cikin 'ya'yan da ya bari akwai Muhammadu Bello, wanda ya gaje shi a matsayin Sarkin Musulmi, da Nana Asma'u, wadda a lokacin ba ta cika shekara 25 ba. Akwai kuma wanda bai ma zo duniya ba tukuna, sai bayan an binne Shehu aka haife shi. Shi ne Isa, Autan Shehu, wanda daga baya aka san shi da Isa Mai Kware. Bai taɓa jin muryar mahaifinsa ba, bai taɓa zama a gabansa ya ɗauki karatu ba. Amma duk da haka, wani muhimmin kaso na abin da Bahaushe ya haddace na tarihin Shehu cikin waƙa, ta hannun wannan maraya ya iso gare shi.

Wannan bai faru da kansa ba. Yayyensa ne suka ɗauki tunawa da uba a matsayin aiki, suka kuma yi shi da tawada da alƙalami. Bello ya riga ya rubuta Infaƙul Maisuri tun 1812, Shehu na da rai, inda ya tattara labarin karatun mahaifinsa da wa'azinsa da hijira zuwa Gudu a 1804 da yaƙoƙin da suka biyo baya. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Asma'u, ya rubuta Raudul Jinani a kan halaye da karamomin surukinsa. Ita kuwa Asma'u, wadda ta yi hijirar nan tana yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, ta ga abin da maza ba su gani ba: Shehu na cikin gida, mai koyar da matansa da 'ya'yansa mata. Shi ne fa ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi da barin iyalansu cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a zaure. 'Yarsa ta tashi tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauye, amsa ce ga wancan kuka na mahaifinta.

A 1831 Asma'u ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai a kan zalunci. A lura da lokacin: shekara 14 bayan rasuwar Shehu, daula ta faɗaɗa, dukiya ta shigo, an samu masu riƙe da muƙamai waɗanda ba su sha wahalar hijira ba. Sai ta dawo musu da maganar mai gida cikin harshen da talaka ke ji. Isa ne ya yi wa waƙar tahamisi, wato ya ƙara nasa layuka a kan kowane baiti. Uba ya tsara, 'ya ta fassara, auta ya ƙara, har mai sauraro ba ya iya rabe inda muryar ɗaya ta tsaya ta ɗayan ta fara. Bayan rasuwar Asma'u a 1864, Isa ya mayar da waƙarta ta Fulatanci mai ba da tarihin rayuwar Shehu zuwa Hausa, ita ce Waƙar Gewaye.

Abin da ya sa wannan labari ke damuna shi ne yadda muke zaune da iyayenmu maza a ƙasar Hausa. Uban Bahaushe ba mai yawan magana ba ne da 'ya'yansa. Tsakaninsa da ɗan fari akwai alkunya, wani ma ba ya kiran sunansa har abada. Soyayyarsa tana cikin buhun hatsin da ya shigo da shi, da ɗinkin Sallah, da tsawar da yake yi idan yaro ya makara sallar asuba. Ban raina wannan ba ko kaɗan, domin tarbiyya ce mai nauyi da ta gina mutane masu mutunci. Sai dai tana da tsada. Mutum zai kai shekara arba'in a gidan mahaifinsa bai san wa ya karantar da shi ba, bai san dalilin da ya sa ya baro garinsu ba, bai san bashin alherin da ke kansa ba. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, sai abokan tsohon su zauna a tabarmar ta'aziyya suna ba da labaran da 'ya'yan ba su taɓa ji ba. Kwana uku, a tashi. Abin da ya rage a baki sai maganar gona da gida da rabon gado.

Addini bai tsaya nan ba. Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ambaci ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Muslim ɗin ne kuma ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da abokan tafiyarsa suka ga kyautar ta yi yawa, sai ya gaya musu cewa mahaifin mutumin aminin Umar ne. To, wanda bai san aminan mahaifinsa ba, ta yaya zai sada wannan zumunci?

Nauyin ya fi hawa kan manyan 'ya'ya. A gidajenmu masu mata biyu ko uku, ba abin mamaki ba ne babban ɗa ya girme wa auta da shekara talatin. Babba ya san uba da ƙarfinsa, yana fatauci ko noma ko aikin gwamnati. Ƙarami kuwa tsoho kawai ya tarar, wani ma hoto ne a bango. Kuɗin makaranta da yaya ke biya wa ƙanensa alheri ne babba, Allah ya saka. Amma yaron nan yana da haƙƙin a gaya masa wane ne ubansa, da gaskiya, har da inda ya yi fama ya faɗi ya tashi.

Ba kowa ne zai rubuta littafi kamar Bello ba, ba kuma kowane uba ne Shehu ba. Amma yau kusan kowane aljihu da waya mai ɗaukar murya. Mai karatu, idan mahaifinka na da rai, ka nemi wata yamma bayan la'asar ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi sunan malaminsa da na aminansa. Idan ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, to ka nemi abokansa da suka rage tun suna iya magana, ka tafi da ƙannenka su ji da kunnensu.