Addu'a da Tsaro: Zaman 'Ya'yanmu a Babban Birni

Karatu: Nehemiya 4:7-23, 7:1-4

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke Uba, na gefen Borno da na gefen Adamawa, da masu jinmu daga Mubi, Hong, Lassa, Askira da Michika.

Da wuya a sami gida a Uba wanda ba shi da ɗa ko 'ya a birni. A dā, karatu ne ko aikin soja ko na ɗan sanda ya kan ɗauke mana su ɗaya ɗaya. Amma a ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da Boko Haram suka shiga Uba, suka ci hedkwatar EYN a Kwarhi, suka kuma kama Mubi ran 29 ga watan, gari ne gaba ɗaya ya tashi. Waɗansu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, waɗansu suka nufi Yola, Jos da Abuja. Bayan sojoji da maharba da 'yan banga sun ƙwato garuruwan, tsofaffi da yawa sun koma gonakinsu. Matasa da yawa kuwa ba su koma ba. Yau suna haya a Jambutu ko Damilu a Jimeta, suna Sabon Gari a Kano, suna Nyanya da Mararaba ta bakin Abuja. Uwa tana Uba, ta kira 'yarta da dare, aka ce wayar a kashe take. Mun san abin da zuciyar wannan uwa take yi har gari ya waye. Domin ita da 'yarta muke wannan magana.

Haɗarin birni ba irin wanda muka gudu wa ba ne. Wancan da ƙarar bindiga ya kan zo, kowa ya ji. Na birni shiru ya kan zo, kuma mutum ɗaya ya kan samu. A Jimeta da Yola an sha fama da yaran da a ke kira 'Yan Shila, masu yawo cikin Keke Napep da wuƙa ko adda, suna ƙwace waya da jaka. A Kano ana ce da shi ƙwacen waya. A Abuja akwai motocin da a ke kira wan-cans: ka shiga kana tsammani fasinjoji ne a ciki, ashe dukansu ɓarayi ne. Sau da yawa ba wayar kaɗai suke so ba, layin da ke cikinta ne, gama da layin su kan shiga asusun banki su kwashe kuɗin makarantar da uba ya sayar da buhun wake ya aika.

Idan masu bi suka ji irin wannan labari, mu kan rabu kashi biyu. Wani ya ce, "Allah ne mai tsaro, tsautsayi ba ya wuce ranarsa," sai ya fito ƙarfe goma na dare yana danna waya a bakin titi. Wani kuma ya kulle kansa a ɗaki, ya daina zuwa koyon waƙa da addu'ar yamma, yana yi wa kowane baƙon fuska kallon mugu. Na farko yana kiran sakacinsa bangaskiya. Na biyu yana kiran tsoronsa hikima. Bari mu ga yadda wani bawan Allah ya yi da birnin da ba shi da garu.

Nehemiya mai ba Sarki Artashate na Farisa abin sha ne. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Yesu ya sami izinin sarki ya koma Urushalima, ya tarar garun a rushe, ƙofofin kuma an ƙone su. Da aiki ya kai rabi, Sanballat da Tobiya da abokansu suka ƙulla su auka wa birnin. Aya ta 9 ta faɗa mana abu biyu da mutanen suka yi: suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Marubucin bai tsaya ya ba da haƙuri domin na biyun ba, kamar dai sa mai gadi raunin bangaskiya ne. A wurinsa aiki ɗaya ne. Mutumin da ya roƙi Allah ruwan sama ai ba ya barin fartanya a gida.

Amma abin da muke so mu daɗe a kai shi ne yadda ya tsara tsaron. Bai ɗauko baƙi ya biya su ba. Ya jera mutane iyali iyali a wuraren da garun ya yi ƙasa. A sura ta 3 mun ga da yawa sun gyara sashin da ke daura da gidajensu, har wani mai suna Shallum ya yi nasa tare da 'ya'yansa mata. Sa'an nan Nehemiya ya lura da wani abu: aikin yana da faɗi, mutanen kuwa sun yi nisa da juna a kan garu. Idan aka tasar wa mutum ɗaya, kafin a sani an gama da shi. Saboda haka ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya ce duk inda aka ji ƙaho, can za a taru.

Jama'a, a Uba muna da wannan ƙaho, ba mu ma san muna da shi ba. Baƙo ya shigo unguwa, kafin ya kai gindin bishiya ta biyu an tambaye shi, "Gidan wa kake nema?" Yarinya ta yi ihu, gida biyar sun fito, domin sun san muryarta, sun san kakanta. Ba katanga ce ta tsare mu ba, yawancin gidajenmu ma zana ce ko ƙasa. Sani ne ya tsare mu. A birni kuwa mutum ya kan yi shekara biyu a gidan haya bai san sunan wanda bango ɗaya ya raba su ba. Ɓarawo ya san wannan sarai. Ba mai ƙarfi yake gudu ba, wanda yake da mutane yake gudu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, tsagewar bangon birni kuwa ita ce rashin sanin juna.

Don haka aikin tsaro na farko da ɗanmu zai yi a birni gaisuwa ce. Ya san mai shagon bakin layi, da mai shayi, da mai gadin da ke kwana a waje, da direban keke ɗaya ko biyu da zai iya kira. Ya je ya gai da mai unguwa. Ya kai takardarsa ta ikkilisiya ga fasto tun makon farko, kada ya zama mai zama a bencin baya wanda in ya ɓace wata guda ba wanda zai lura. Mu kuma iyaye, maimakon mu tambayi yaro "Ka ci abinci?" kawai, mu tambaye shi, "Wa ya san ka a can? Idan wayarka ta mutu, wa zan kira?"

Akwai magana mai nauyi a nan, ba za mu kauce mata ba. Maƙwabcin nan da muke cewa a sani, sau da yawa Musulmi ne. Bayan abin da ya faru a 2014, da majami'un da aka ƙone, da 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiya, waɗansunmu zuciyarsu ta rufe. Ba mu raina wannan ciwo ba, namu ne. Amma mu tuna cewa a Mubi ɗin nan, a watan Nuwamba na 2017, bam ya tashi cikin masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba, a watan Mayu na 2018 kuma aka sake kai wa masallaci da kasuwa hari. Su ma sun binne nasu. Yaron da ya zaro wuƙa domin waya ba ya tambayar sunanka kafin ya sara. Wanda ya ƙi gai da rabin layinsa saboda addini, ya rage masu jin ƙahonsa da rabi.

A sura ta 7, bayan an gama garun cikin kwana 52, Nehemiya ya ba Hanani da Hananiya umarni game da ƙofofi: kada a buɗe su sai rana ta yi zafi, a kuma rufe su tun masu tsaro suna nan. Wato birnin Allah ma yana da lokacin fita da lokacin shiga. Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Kada a shiga motar da ba ta tasha ba da dare domin ta fi arha da naira ɗari biyu. A sa wa layin waya lambar sirri, a kuma rubuta lambobin gida a takarda, domin ranar da aka ƙwace waya a iya kiran banki a rufe asusu. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Shugabannin matasa da na zumuntar mata, ku duba lokacin da ku ke tashi daga taro, ku tabbata ba yarinyar da ta kama hanya ita kaɗai. In kuwa an riga an tare ka da makami, ba da wayar. Mun san da kyar aka saye ta. Ana sayen wata.

Wani zai ce, "Ai mutanen Nehemiya da takuba suka yi gini." Gaskiya ne. Amma Nehemiya gwamna ne, da takardar sarki a hannunsa, shi ne hukuma a wurin. Mu ba shi ba ne. Ubangijinmu kuwa, a daren da aka kama shi, ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa kube. Ƙaho domin a taru a ceci wanda aka tasar wa ne, ba domin a kashe wanda ake zargi ba. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare maharba 'yan Arewa da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka ce masu satar mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Baƙi ne, ba wanda ya san su a wurin. Ɗanka da ya sauka tasha a garin da ba ya jin harshensu, shi ma haka yake. Ranar da ka ji an yi ihun "Ɓarawo!" ka ga an ɗauki dutse da taya, aikin mai bi shi ne ya nemi 'yan sanda, ya kuma ce a dakata, ko da muryarsa ita kaɗai ce.

Tsakanin sura ta 4 da ta 7 akwai sura ta 5, mu kan yi saurin tsallake ta. Ana cikin gini, abokan gāba suna waje, sai kuka ya tashi daga cikin birni. Talakawa sun jinginar da gonakinsu domin hatsi da harajin sarki, har 'ya'yansu sun zama bayi a hannun 'yan'uwansu. Nehemiya ya tara manya ya tsauta musu, ya sa suka mayar da gonakin. Yaran da suke riƙe da wuƙa a Jimeta ba daga sama suka faɗo ba, kuma kada mu yi saurin cewa ba namu a cikinsu. Akwai yaron da yake shekara 8 sa'ad da muka gudu a 2014, makarantarsa ta tsaya a nan, uban ya mutu, aka bar shi a gidan kawu a birni inda ba a ƙidaya shi a wurin rabon tuwo. Wani ya ba shi ƙwaya, ya kira shi ɗan'uwa. Dattawan ikkilisiya, kafin zamanku na wata mai zuwa, ku zauna da littafin suna, ku ƙirga 'ya'yan ikkilisiyarku da suke birni, ku rubuta garin da kowanne yake, da sunan wanda ya gan shi na ƙarshe. Inda kuka rasa abin rubutawa, a aiki mutum.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, muna ɗaga maka 'ya'yanmu da ke Yola, Kano, Jos, Abuja da Legas. Ka ba su maƙwabta, ka kuma sa su zama maƙwabta. Ka tuna da waɗanda ba mu san inda suke kwana ba. Ka ba uwayen da ke jiran waya barci a daren nan. Cikin sunan Yesu, amin.

A shiri mai zuwa za mu duba Ayyukan Manzanni sura ta 23, labarin ɗan 'yar'uwar Bulus da ya ji ƙullin mutum fiye da 40, ya kai labari. Ku karanta shi a gida kafin lokacin.