Ladi Kwali: Yadda duniya ta sake waiwayar maginiyar da ke bayan naira 20

Da wuya a samu ɗan kasuwa a Goronyo, Wurno ko Rabah da takardar naira 20 ba ta bi ta hannunsa ba. Kowa ya san Janar Murtala da ke gabanta. Amma matar da ke baya tana ginin tukunya, kaɗan ne suka san labarinta.

Ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi da aka haifa a Kwali wajen 1925. Ba ta yi boko ba, a gida ta koyi sana'ar.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau na cikin masu tara tukwanenta tun kafin Turawa su san da ita. A fadarsa ne Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila, ya fara ganin aikinta. A 1954 ta zama mace ta farko a cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu.

A can ta yi abin da ba a saba gani ba. Ta ci gaba da gina manyan tukwanen ruwa da hannu irin na gargajiya, tana zana musu kunama, ƙadangare, kada da kifi, sannan a shafe su da ruwan ƙyalli a gasa da wuta mai tsanani kamar tangaran.

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san tsatsafowar da take yi ce ke sanyaya ruwan. Tukunyar Ladi kuwa ba ta tsatsafa, ga nauyi, don haka ba ta da amfani a ɗakin uwargida. Ta zama abar kallo kawai, kuma a nan darajarta take.

An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Bayan rasuwarta a Minna a 1984 sai zancenta ya lafa.

Yanzu an dawo kanta. A 2022 an nuna tukwanenta a zauren Two Temple Place na Landan, Google ya sanya zanenta a shafinsa, sannan gidan adana zane-zane na Tate Modern ya haɗa da ita a baje kolin fasahar Najeriya da ya buɗe a Oktoban 2025.

Sai dai hasken ya tsaya a kanta kusan ita kaɗai. Halima Audu, Asibi Ido da Kande Ushafa duk sun yi aiki a cibiyar, amma ba kasafai ake ambatonsu ba.

Su kuwa maginan da suka rage a ƙauyukan Rima, ba sa rubuta suna a gindin tulu, kuma jarka da bokitin roba ne ke kwashe musu masu saye.