Kwana a bakin tafkin Kainji: Abin da mai shirin zuwa Ngaski ya kamata ya sani

Ga wanda ya gaji da hayaniyar birni, gaɓar tafkin Kainji ta ɓangaren Ngaski a jihar Kebbi wuri ne mai jan hankali: ruwa iya ganin ido, inuwar bishiyoyi, da ɗanyen kifi daga hannun masunta. Tafkin ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kuma ya miƙe daga yankin New Bussa a jihar Neja har zuwa Yauri. Sai dai kafa tanti a nan na buƙatar shiri.

Lokaci

An fi jin daɗin wurin tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin hunturu, sa'ilin da ruwan sama ya ɗauke, zafi ya yi sauƙi. Dare kan yi sanyi a bakin ruwa, don haka bargo da gidan sauro wajibi ne.

Tsaro

Wannan ne abin dubawa na farko. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma an sha samun rahoton masu ɗauke da makamai a gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979. Kwana a tsakiyar daji kasada ce. Abin da ya fi shi ne baƙo ya fara gaida mai gari, ya sanar da 'yan sanda, sannan ya kafa tantinsa dab da gari, kamar Wara, hedkwatar Ngaski.

Ruwa

Mutanen Wara ba su manta da Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya nutse, gomman mutane suka rasu. Har yanzu akwai kututturan bishiyoyin da tafkin ya shanye a ƙarƙashin ruwa. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko a hau ba rigar kariya, ko a yi tafiyar dare.

A tafi da ruwan sha, a kuma guji wanka a gaɓa saboda tsargiya. Inda masunta suka ce akwai dorina, a yi nesa da wurin: su ne suka san ruwan.