ABIN DA UBANGIDA ZAI YI IN MA'AIKACINSA YA KAMU DA SHAN ƘWAYA

Ya kamata Hakimai da Malamansu su yi wa masu ɗaukar ma'aikata a gundumominsu bayanin wannan al'amari. Binciken da Gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14 sun taɓa kayan maye cikin shekara guda. A watan Mayu na shekarar kuma aka hana yin maganin tarin nan mai kodin, da shigo da shi.

Masu sha fa ba duka ne zauna-gari-banza ba. Akwai direbobi, da magina, da 'yan ƙwadagon gona. Sau da yawa lebura kan fara haɗiyar tiramol don ya yini yana aiki bai gaji ba. In jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, biyu sai huɗu. Yawanta kuwa ya kan kā da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ko yana bisa tsani, ko yana riƙe da sitiyari. Ubangidan da ke saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don a gama noma da wuri, shi ma ya taka doka.

Kora ita ce mai sauƙi, amma wanda aka kora gobe wani zai ɗauka, da cutarsa. Abin da ya fi, ubangida ya kira shi a keɓe, kada ya tozarta shi gaban abokan aiki. Ya faɗa masa abin da ya gani da idonsa, watau makara, da gyangyaɗi bakin aiki, da yawan kuskure. A ranar nan lalle a raba shi da mota ko inji, a ba shi aikin da ba hatsari.

Kada a tilasta masa ya bari dare ɗaya, gama wanda ya daɗe yana sha zai yi fama da gumi, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci, har ya koma. Likita shi ne zai rage masa sannu-sannu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da masu ba da shawara. Gidan mari ba wurin magani ba ne: a 2019 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 daga wani irinsa a Kaduna, waɗansu ɗaure da sarƙa.

In an daidaita, sai Malamin Hakimi ya rubuta sharaɗi gaban waliyyin ma'aikacin: kwana nawa za a ba shi na jiyya, nawa za a biya shi, da ranar da zai komo bakin aiki.