Wane kifi ne "na daji"? Suna, ƙidaya da doka game da wani kifin yammacin Amurka

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo asali ne daga wata matsalar fassara. Muna cikin tattara kalmomin su da kiwon kifi, sai muka ci karo da sifar Faransanci "sauvage" a gefen sunan kifi, muka rasa yadda za mu juya ta. Bahaushe yana cewa naman daji, zuman daji, amma "kifin daji" ba ya shiga kunne, domin a wurinsa kifi duk na gulbi ne ko na tafki. Buƙatar wannan sifa ba ta tasowa sai inda mutum ya fara ƙyanƙyasar kifi da hannunsa yana zuba shi cikin ruwa. Shi ya sa muka juya ga wurin da aka fi daɗewa ana jayayya a kan kalmar, watau gulaben da ke zuba a tekun Pasifik daga yammacin Amurka, da kifin da ake kira "steelhead" da Ingilishi. Abin da za mu nuna shi ne, a can adadin kifin da ake bayarwa, da matsayinsa gaban doka, sun rataya ne a kan ma'anar da aka ba kalma biyu ko uku.

2. Jinsi ɗaya, suna biyu

Sunan yana nufin "kan ƙarfe", saboda launin kansa da gadon bayansa in ya fito daga teku. Da wannan suna, kan-ƙarfe, za mu riƙa kiransa. Ana ƙyanƙyasarsa cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi, ya yi shekara 1 zuwa 3 a ruwan daɗi, sa'an nan ya gangara teku. Can ma yakan yi shekara 1 zuwa 3, kana ya komo ƙoramar da aka haife shi don ya yi ƙwai. Na jihar Aidaho sukan hawo fiye da kilomita 1,000. Ba kamar danginsa, kifayen salmon na Pasifik ba, shi bai zama dole ya mutu bayan ƙwai ba. Wasu sukan koma teku su sake dawowa.

To, a cikin waɗannan ƙoramu akwai wani kifi ƙarami mai jan zane a haƙarƙari wanda ba ya zuwa teku ko kaɗan, wanda Faransanci ke kira "truite arc-en-ciel", mu ce mai-bakan-gizo. Ga masunta kifi biyu ne daban. Ga masana halitta kuwa jinsi ɗaya ne: suna barbara da juna, uwa mai zuwa teku tana iya haifar ƴaƴan da za su zauna gida, mazauniya kuma tana iya haifar masu tafiya. Ke nan sunayen biyu hanyar rayuwa suke bambantawa, kamar yadda muke cewa ɗan ci-rani da mazaunin gida alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Sunan Latinanci ma bai zauna wuri guda ba. A 1792 Walbaum ya bayyana kifin daga Kamcatka, gabashin Rasha, ya ɗauko kalmar "mykiss" daga sunan da ake kiransa da shi a can. A 1836 Richardson ya raɗa wa na gulbin Kolombiya suna Salmo gairdneri. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka amince cewa kifi guda ne, kuma ya fi kusa da salmon na Pasifik, aka mai da shi Oncorhynchus mykiss, tun da sunan farko ke da haƙƙin gabaci.

3. Dalilin zuba kifi

Kifin da zai kai Aidaho sai ya ƙetare madatsun ruwa 8, abin da muke kira baraji: 4 a gulbin Kolombiya, 4 a reshensa, gulbin Snake. Ta farko daga teku, Bonneville, an gama ta a 1938. Ta ƙarshe, Lower Granite, a 1975. Waɗannan suna da matakalar ruwa da manyan kifaye ke bi su haye. Wasu kuwa, irin su Grand Coulee da Dworshak, ba su da ita, sun toshe hanya ɗungum. Diyyar da gwamnati ta biya ita ce gidajen ƙyanƙyasa: a kama iyaye, a tatsi ƙwai, a reni ƴaƴan cikin kwarmin siminti, galibi shekara guda, a sake su miliyoyi. Dokar Mitchell ta 1938 da shirin diyyar gulbin Snake na 1976 duk a kan wannan tunani aka gina su. Sakamakon shi ne, mafi yawan kan-ƙarfen da ke hawa Kolombiya a yau ƴan ƙyanƙyasa ne.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ɓarna ce zalla. Al'ummomin asali irin su Nez Perce da Yakama, waɗanda yarjejeniyoyin 1855 suka tabbatar wa haƙƙin su, da masu fatsa, da ƙauyukan da ke ci daga gare su, a kan waɗannan kifaye suke dogara. Matsalar ta ɓullo ne da aka gane cewa ɗan ƙyanƙyasa ba ya maye gurbin haifaffen gulbi. A gulbin Hood na jihar Oregon, Araki da Cooper da Blouin sun bi zuriyar kifaye ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado, suka buga sakamakon a 2007: kowane zubi na renon gida yana rage yawan ƴaƴan da kifi ke bari a gulbi da kusan kashi 40 cikin 100. Kwarmin siminti yana zaɓen kifin da ya iya cinkoso da abincin hannu, ba wanda ya iya ɓuya da farauta ba. In irin wannan ya yi barbara da haifaffen gulbi, raunin yana shiga zuriya.

4. Yadda ake ƙidaya, da abin da ake ƙidayawa

Nan ne batun ya fi shafar mu. Tun 1938 ake ƙidaya kifi a Bonneville. A lokacin hawa, mai ƙidaya yana zaune gaban tagar gilashi da ke jikin matakalar, yana danna maɓalli ga kowane kifi da ya gifta. Yana aiki minti 50 cikin kowace awa, a cike sauran da lissafi. Da ido kawai, yaya zai san asalin kifin da ya wuce cikin daƙiƙa biyu? Amsar ita ce shaida. Kafin a saki ƴan ƙyanƙyasa ana yanke musu wani ɗan fiffike mai tsoka da ke tsakanin fiffiken baya da wutsiya, wanda ba ya sake tohowa, kamar dai yadda makiyayi ke tsaga kunnen akuya. Da wannan shaida doka take aiki a bakin ruwa: mai yanka, masunci yana iya tafiya da shi, marar yanka, a yawancin gulaben, sai a mai da shi ruwa.

Saboda haka abin da tagar ke bayarwa adadin "marasa yanka" ne, amma jaridu, har da wasu rahotanni, sukan karanta shi a matsayin adadin "na daji". Abu biyun ba ɗaya ba ne. Akwai ƴan ƙyanƙyasa da ake saki da gangan ba yanka, don kada a kama su, su je su ƙara yawan masu ƙwai. Akwai kuma waɗanda yankan ya kuskure. Idan muka rarrabe, sifa guda tana ɗauke da ma'ana uku aƙalla, kuma ga yadda muke ba da shawarar a faɗe su da Hausa:

(1) marar yanka: abin da ido ke gani;
(2) haifaffen gulbi: wanda aka ƙyanƙyashe cikin tsakuwa, ko su wane ne iyayensa;
(3) ɗan asali: wanda zuriyarsa ba ta gauraya da ta gidan ƙyanƙyasa ba.

Ɗan ƴan ƙyanƙyasa biyu da suka yi ƙwai a ƙorama yana cikin (1) da (2), ba ya cikin (3). Kuma shi ne ainihin kifin da binciken Hood ya sa ake shakkarsa. Hukumomin Amurka sun lura da wannan, shi ya sa a takardunsu suka fi amfani da lafazin da ke daidai da (2), suka bar wa masunta da ƙungiyoyi kalmar "wild". A ganinmu wannan gaskiya ce ta wani ɓangare, wayo ta wani: (2) ana iya auna shi, amma (3) shi ne abin da jama'a ke zaton ana karewa.

Don a wuce abin da ido ke gani, an ƙaro wasu dabaru. Akwai ƴar na'ura mai tsawon milimita 12, kamar ƙwayar shinkafa, da ake sa wa ƙaramin kifi a ciki. Tana da lambarta, kuma ana iya karanta ta a yawancin madatsun da ya ratsa, ko a gangara ko a hawa. A Lower Granite akwai tarko da ke tare wani kaso na masu hawa: a auna su, a ɗebi ɓawon jiki don sanin shekaru, a yanki ɗan fiffike don gwajin gado. Da yake tun wajen 2008 ake ajiye bayanan gadon iyayen da ake tatsa a gidajen ƙyanƙyasar Snake, ɗan ƙyanƙyasa ko ba shi da yanka ana gane iyayensa, a cire shi daga lissafin haifaffun gulbi. Hanya mafi tsufa, watau bin ƙorama a ƙasa ana ƙirga gurabun ƙwai, ba ta cika yi wa kan-ƙarfe daidai ba, domin yana ƙwai ne da bazararsu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ruwa ya cika ya gurɓace. Daga waɗannan alƙaluma ake fid da ma'aunin da ya fi muhimmanci, wato kason ƴan ƙyanƙyasa cikin masu ƙwai a gulbi. Kwamitin masana da ya duba gidajen ƙyanƙyasar yankin ya ba da shawarar kada ya wuce kashi 5 cikin 100 a gulabe masu muhimmanci, in zuriyar gidan a ware take da ta gulbin.

5. Kalma gaban alƙali

Dokar Amurka ta 1973 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ba jinsi gaba ɗaya kawai take karewa ba, har da "rukuni na dabam" a cikin jinsi. Da wannan aka raba kan-ƙarfen gabar yamma rukuni 15, 11 daga ciki suna ƙarƙashin kariya. Na kudancin Kalifoniya an sa shi a matakin "gab da ƙarewa" a 1997. Na Snake a matakin "cikin barazana" a wannan shekara. Na Puget Sound a 2007. Shiga wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne: yana taɓa ruwan da manomi zai ja, da ruwan da madatsa za ta saki ba tare da ya ba da lantarki ba, da itacen da za a sare a bakin ƙorama.

Shi ya sa masu asara suka kai ƙara a kan ma'ana. A 2001, a wata shari'a game da salmon na gabar Oregon, alƙali Michael Hogan ya yanke cewa tun da hukuma da kanta ta sa ƴan ƙyanƙyasa da haifaffun gulbi cikin rukuni guda, ba ta da ikon kare rabi ta bar rabi. Abin da masu ƙara ke hange a fili yake: in aka haɗa miliyoyin ƴan ƙyanƙyasa cikin lissafi, ba sauran kifin da ke cikin barazana. A 2005 hukumar ta fito da sabuwar manufa: ƴan ƙyanƙyasa na kusa da zuriyar gulbi suna cikin rukunin, amma lafiyar rukunin da masu haihuwa a gulbi ake auna ta, kuma ana iya kama masu yanka. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince da haka a 2009. Watau kifi yana iya zama cikin suna, amma wajen ma'auni.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ta sashe na 2: in mai-bakan-gizo da kan-ƙarfe jinsi ɗaya ne, kuma na farkon yana da yawa a ƙoramu, me ya sa za a ce na biyun yana ƙarewa? A 2006 hukumar ta warware ta da sauya ma'aunin rukuni, ta ce bambancin jiki da hali da wurin zama ya isa a ware masu zuwa teku su kaɗai. A 2010 kotu ta tabbatar da hakan a ƙarar da wata hukumar ban-ruwa ta Kalifoniya ta shigar. Mai nazarin harshe ba zai kasa lura ba cewa a nan rabon masunta ne, na yaren yau da kullum, ya rinjayi rabon masana halitta.

Mu ɗan ratse zuwa gida. Abin da rahotanninmu ke kira "empoissonnement des mares", zuba tarwaɗa da karfasa a tafkuna, ba ya ta da wannan tambaya a tafkin da ke ƙafewa da rani, domin babu ɗan asali da za a gurɓata. Amma a ruwan da ba ya ƙafewa, kamar na Madarumfa, ko a gulbin Kwara, rabon (2) da (3) yana da ma'ana, kuma gara ƙamus ya tanade shi kafin a buƙace shi.

Gulbin Elwha na jihar Washinton ya nuna inda rabon 2006 ke da rauni. Madatsu biyu, ta 1913 da ta 1927, sun rufe shi ba matakala, kan-ƙarfen da ke hawa da zafi ya kusa ɓacewa, aka bar masu-bakan-gizo a sama. Tsakanin 2011 da 2014 aka rushe madatsun. Cikin ƴan shekaru kan-ƙarfen na lokacin zafi ya sake bayyana da ɗaruruwa, ba tare da an zuba irinsa daga gidan ƙyanƙyasa ba, kuma gwajin gado ya nuna cewa daga mazaunan saman gulbin ya fito. Iyayen suna wajen sunan da doka ke karewa. Ƴaƴansu da suka gangara teku suna ciki.